Inji ko Hannu? Yadda Masu Ƙera Ƙananan Samfura Ke Zaɓar Kayan Aiki

Duk wanda ke yawan leƙa TikTok ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: kyamara a saman teburi, hannaye biyu kawai ake gani, ga wani ɗan inji mai kamar alƙalami yana ta kuka, kafin minti ɗaya ya cika ƙaramin jirgin sama ko gida mai hawa biyu ya tashi tsaf. Bidiyon na minti ɗaya ne, amma aikin da aka naɗe a cikinsa kan ci makonni. Kuma mafi yawan waɗannan makonni da wuƙa da samfefa da hantsaki aka yi su. Injin da ya fi ɗaukar ido 'yan mintoci kawai ya yi yana aiki.

Wannan ne ke jefa masu farawa cikin asara. Matashi zai tara kuɗi na wata da watanni ya sayi inji mai juyi, ranar farko ya ɗora shi a kan robar da ya sayo da tsada, kafin ƙiftawar ido ta narke ta manne a bakin injin. Wani kuma zai dage sai da reza zai yanka filawud, ya ƙare da karkataccen bango da yatsa a naɗe da bandeji. Ga ɗalibin zanen gine-gine da zai kare aikinsa gaban malamai da safe, irin wannan kuskure na iya taɓa sakamakon zango guda. Saboda haka kafin a kai hannu aljihu, yana da kyau a san aikin da kowane makami ya iya da wanda bai iya ba.

Lissafin sikeli

Ƙaramin samfuri shi ne kwaikwayon wani abu na gaske, mota ko jirgi ko gini, wanda aka rage girmansa bisa ƙayyadadden lissafi. Idan aka rubuta 1/72, ana nufin milimita 1 a jikin samfurin daidai take da milimita 72 a jikin ainihin abin. Jirgin yaƙin Birtaniya samfurin Spitfire, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, a wannan sikeli bai kai santimita 16 ba. Da shi kamfanin Airfix na Ingila ya fara fitar da jiragen sama na roba na harhaɗawa. A Japan kuwa, kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka, wanda ya fara a matsayin wurin yankan katako a 1946, shi ya yaɗa sikelin 1/35 na motocin yaƙi. A farkon shekarun 1960 ya ƙera tankar Panther mai tafiya da ƙaramin inji, aka yi girmanta yadda batura za su shiga cikinta, da aka auna sai aka ga ta faɗa a kan 1/35, kuma har yau a kai ake tafiya. Kamfanin Bandai ya fito da mutum-mutumin Gundam na farko a 1980 a sikelin 1/144, kuma zuwa yanzu ya sayar da sama da guda miliyan 700.

A Najeriya waɗanda suka fi yin wannan aiki a kullum su ne ɗaliban zanen gine-gine, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano, sai masu yi wa kamfanonin gidaje samfurin rukunin gidajen da za su gina. Akwai kuma waɗanda suka taso da ƙera motar kara da ta gwangwani, yanzu suka koma yin tirela da Keke Napep da jirgi mai saukar ungulu suna sakawa a Facebook.

Abin da ya haɗa su duka shi ne lissafi ɗaya: sikeli yana ninka kuskure. A 1/100, ƙofa mai faɗin santimita 90 milimita 9 ce kacal. Idan wuƙa ta zarce da milimita 1, an ƙara wa ƙofar santimita 10 ke nan. A 1/50, bangon bulo mai inci 9 kaurinsa milimita 4.5 ne. A 1/35, rabin milimita da samfefa ta ci fiye da ƙima ya kai kusan santimita 2 a jikin tanka. Wannan ne ma'aunin farko na zaɓen kayan aiki: gwargwadon ƙanƙantar abin da ake yi, gwargwadon buƙatar makamin da ke cin kaɗan-kaɗan, wanda kuma ake iya tsayar da shi nan take.

Abin da hannu ya fi iyawa

Uwar kayan aikin ita ce wuƙa. Iri biyu suka fi yawa. Akwai mai siririn baki irin ta X-Acto, wadda bakinta mai lamba 11 ya zama ruwan dare a teburin masu wannan aiki. Akwai kuma mai bakin da ake ɓallewa gaɓa-gaɓa, wadda wani ma'aikacin maɗaba'a a birnin Osaka mai suna Yoshio Okada ya ƙirƙira a 1956, daga baya ta zama tushen kamfanin Olfa. Sirrin wuƙa biyu ne: kaifi da haƙuri. Ba a danna ta a nemi raba kwali da ja ɗaya. Ana ɗora rula ta ƙarfe, a ja wuƙar a hankali sau uku ko huɗu a layi ɗaya har ta ratsa. Dakusasshen baki yana yaga kwali, yana tsinka soso, kuma shi ya fi yanka mutum, domin sai an danna shi da ƙarfi, da ya zame kuwa sai a yatsa. Wanda ya sayi wuƙa mai araha da bakuna masu yawa ya fi wanda ya sayi mai tsada yana jin ƙyashin canja baki.

Na biyu ita ce filayar yanka. Kayan roba na harhaɗawa suna zuwa ne manne a jikin firam, kowane yanki da 'yar jijiyar da ta riƙe shi. Mai murɗe shi da hannu zai bar rami ko farin tabo. Ƙwararru sukan yanka sau biyu: na farko nesa kaɗan da yankin, na biyu dab da jikinsa, sannan su goge sauran da samfefa. Akwai filaya mai kaifi a gefe ɗaya, irin ta kamfanin GodHand na Japan, wadda ke yanka roba sumul kamar aska, sai dai bakinta siriri ne ƙwarai, an yi ta ne don roba da ba ta wuce milimita 3 ba. Wanda ya gwada ta a kan waya ya yi bankwana da ita.

Na uku shi ne abin huji na yatsu: ɗan mariƙi kamar biro da ake saka wa tsinken huji a murza. Tsinken milimita 0.3 ko 0.5 ɗan motsi kaɗan ke karya shi. A yatsu mutum yana jin lokacin da tsinken ya fara cijewa, sai ya sassauta. A inji sai dai ya ji ƙaras.

Sai ƙananan magagarai, da hantsaki, da zarto mai ƙananan haƙora, da samfefa. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna laushinta: 400 na cin tudu, 600 da 800 na share sawun da ta bari, 1000 zuwa sama na fitar da santsi kafin fenti. Idan aka manna ta a jikin ɗan katako mai lebur, ba za ta lanƙwasa gefen da ake so ya fito a miƙe ba.

Duk waɗannan ba sa buƙatar caji, ba sa tada abokin kwana a ɗakin makaranta, kuma suna shiga jaka ɗaya. Raunin su shi ne lokaci da gajiya. Huji 5 a hannu abin nishaɗi ne, huji 200 azaba ce, kuma hannun da ya gaji shi ke karkata layi.

Inji mai juyi da matsalar zafi

Injin da aka fi sani shi ne na Dremel, har sunan ya zama na duk wani mai kama da shi. Albert Dremel ya kafa kamfanin a garin Racine na jihar Wisconsin a Amurka a 1932, ya fito da injin juyi na hannu a 1935, kuma tun 1993 kamfanin yana ƙarƙashin Bosch na Jamus. Dabarar injin ita ce gudu maimakon ƙarfi. Wasu samfuransa suna juyi daga 5,000 zuwa 35,000 a minti. A ƙarshen gudunsa ya kusa juyi 600 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma ko a mafi ƙarancinsa ya haura 80.

A kan ƙarfe da katako mai tauri wannan gudu alheri ne. A kan roba kuwa matsala ce. Yawancin kayan harhaɗawa da robar folistarin ake yin su, wadda ke fara laushi a wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Gogayyar tsinke mai gudu tana kai ta wannan zafi cikin 'yan daƙiƙu. Maimakon ta yanku sai ta narke, ta naɗe tsinken, ramin ya buɗe fiye da yadda ake so. Shi ya sa ƙaramin abin huji mai batir na kamfanin Tamiya, wanda mai saye ke harhaɗa shi da kansa ya saka masa batura 2 na AA, aka yi shi da giya mai rage gudu. Kamfanin Proxxon na Jamus ma yana da jerin ƙananan injuna masu aiki da bolt 12 waɗanda aka tsara don aiki mai laushi.

Ke nan ga mai ƙera samfuri, lambar da ta fi muhimmanci a jikin kwalin inji ita ce ta ƙasa. 'Yan talla suna rubuta mafi girman gudu da manyan baƙaƙe, amma abin tambaya shi ne: zai iya yin sannu, kuma idan ya yi sannu yana da ƙarfin da ba zai tsaya ba da zarar ya taɓa abu? Abu na biyu shi ne rawar baki. A kunna injin da tsinke a ciki a duba ƙarshensa: idan yana zana da'ira maimakon ya tsaya wuri guda, kowane rami zai fi tsinken faɗi, kuma sirara za su yi ta karyewa. Na uku shi ne girman bakin da ke riƙe tsinke. Kayan Dremel yawanci ƙafarsu milimita 3.2 ce, na injin gyaran farce da wasu ƙanana kuwa 2.35 ce. Wanda bai duba ba zai tara kawunan da ba sa shiga injinsa.

Inda injin ke biyan kuɗinsa a fili yake: yanka waya mai tauri da bututun ƙarfe, rarake cikin gangar jirgi don a saka batir, sassaƙa tudu da kwari a jikin katako, goge walda, fitar da ƙyalli, da duk aikin da za a maimaita sau da yawa. Ƙa'idar da gogaggu ke bi ita ce inji ya ci kaso mafi yawa ya tsaya nesa kaɗan da layi, magagari da samfefa su ƙarasa.

Abin da ake sarrafawa shi ke yanke hukunci

Kwali da takarda mai kauri da allon soso mai takarda a gefe biyu, waɗanda ɗaliban zanen gine-gine suka fi amfani da su, aikin wuƙa ne zalla. Inji mai juyi tsefe su yake yi.

Falankin roba siriri ba ya ma buƙatar a ratsa shi. A ja wuƙa sau biyu ko uku a bisa rula, a lanƙwasa, zai ɓalle a kan layin.

Katakon balsa, wanda mafi yawansa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, yana da laushin da farce ma ke shiga jikinsa. Wuƙa da samfefa sun ishe shi. Haka kara da totuwarsa, waɗanda tun fil azal reza ce maganinsu.

Farin soso irin na cikin kwalin firji da talabijin ya fi son zazzafar waya. Na'urar mai sauƙi ce: siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa, tana ratsa soson ba tare da ya warwatse ba. Ga mai fitar da siffar gine-gine da yawa, kamar samfurin unguwa guda, wannan ita ce na'urar da ta fi cancanta ya fara mallaka. A kula kuma, gam mai ƙarfin wari da fentin gwangwani na feshi suna cinye irin wannan soso. Farin gam na kafintoci shi ne lafiyarsa.

Filawud da MDF masu kauri, waɗanda ake yin gindin samfuri da su, na inji ne. Amma ba lallai a saya ba. Kafintan unguwa zai yanka gindin cikin minti kaɗan, ya fi a sayi zarton lantarki don aikin da ake yi sau biyu a shekara.

Gwangwani da langa-langa siriri almakashi mai ƙarfi na yanka su, magagari ya kashe kaifin gefen. Inji na shigowa ne wajen huji da yanka gatarin taya.

Wuta, batir da kayan gwanjo

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan injuna ba a sa batun ɗaukewar wuta cikin lissafi. A nan kuwa shi ne kan gaba. Injin juyi mai igiya ba ya cin wuta sosai, irin su Dremel 3000 da 4000 ba su kai wat 200 ba, don haka ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukarsa. Amma wanda ba shi da ko ɗaya, ranar da ya fi buƙatar injin ita ce ranar da za a ɗauke wuta, kuma an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Nan ne ƙananan injuna masu caji ta USB suka canja lissafin. Dremel Lite, alal misali, batir mai bolt 4 gare shi, kuma da igiyar USB ake cajinsa. Akwai kuma alƙaluman gurza da masu gyaran waya ke amfani da su, waɗanda ake samu a kasuwannin waya irin Farm Centre a Kano, tare da hantsaki masu kyau, da gilashin ƙara girma, da ƙarfen narka dalma. Duk wanda ke da fawa banki ya riga ya mallaki tashar wutar irin waɗannan. Ƙarfinsu kaɗan ne, ba za su yanka ƙusa ba, amma ga roba da balsa rashin ƙarfin ma kariya ce. Batirinsu irin na waya ne, saboda haka zafi na rage masa kwana: kada a bar shi a rana ko a cikin mota a rufe.

Hattara da kayan gwanjo. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 230 ne, ta Amurka 120, ta Japan 100. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka idan aka soka shi kai-tsaye zai yi wani irin gudu na ɗan lokaci, sai wari, shi ke nan. Canja kan soket ba ya rage ƙarfin wuta, sai da taransifoma mai saukar da ita. A karanta rubutun da ke jikin injin kafin a biya.

Fawa bankin na da wani amfanin. Mai son saka fitilu a samfurin gida zai iya kunna ƙwayayen LED da bolt 5 na USB. Farar ƙwaya tana buƙatar wajen bolt 3, don haka ana haɗa kowacce da rizisto mai om 100 ko sama da haka don kada ta ƙone.

Fenti: buroshi ko feshi

Nan ma zaɓin iri ɗaya ne. Buroshi mai kyau da fentin da aka tsinka, a shafa siriri sau biyu ko uku ana bari yana bushewa, ya isa ga ƙananan wurare kamar kujeru da tayoyi da fuskar mutum. Shimfiɗaɗɗen wuri kamar jikin mota ko fiffiken jirgi kuwa, alƙalamin feshin fenti ne ke ba shi santsin da babu sawu. Yawanci allurarsa tana tsakanin milimita 0.2 zuwa 0.5, kuma yana aiki da iskar ƙaramin kwamfireso. Yanzu akwai masu kwamfireso mai caji da ake ɗaura wa alƙalamin a gindi.

Sai dai alƙalamin feshi yana da hidima. Dole a wanke shi duk lokacin da aka gama, in ba haka ba fenti ya bushe a ciki ya toshe shi. A lokacin zafi fenti kan bushe a iska kafin ya sauka, sai jikin samfurin ya yi kaushi kamar yashi. A lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Maganinta ba ya buƙatar lantarki: a kifa wa samfurin babbar roba ko kwali mai tsabta har ya bushe.

Firintar 3D da na'urar laser

Wasu na ganin waɗannan sun kawo ƙarshen muhawarar. Gaskiya sun sauƙaƙa abubuwa da yawa. Tagogi 60 masu girma ɗaya, ko adon bango mai sarƙaƙiya, na'urar laser za ta yanka su daidai wa daida cikin lokacin da hannu bai gama biyar ba. Firintar 3D mai narka zaren roba tana gina abu hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa kamar milimita 0.1 zuwa 0.2, mai amfani da ruwan rezin kuwa tana sauka zuwa 0.05.

Amma abin da ya fito daga firinta bai gama zama samfuri ba. Akwai ƙafafun tallafi da za a cire da filaya, da layukan hawa da za a goge da samfefa. Bugu ɗaya kan ɗauki sa'o'i, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya na iya lalata shi. Zaren PLA, wanda aka fi amfani da shi, yana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu kan iya kaiwa. Ga mai farawa, ya fi sauƙi ya zana abin a kwamfuta ya kai wa masu na'urar su buga masa, ya biya kuɗin aikin kawai.

Ido, huhu da yatsu

Wuƙa tana yanka, amma raunin inji ya fi muni domin ba ya jira. Faifan yanka mai faɗin milimita 24 idan yana juyi 35,000 a minti, gefensa na gudun da ya haura kilomita 150 a sa'a. Siriri ne, da an ɗan karkata shi sai ya fashe, ɓarɓashin kuma fuska yake nufa. Tabarau na kariya wajibi ne ko da aikin na daƙiƙa goma ne.

Duk abin da ke lilo yana iya naɗewa a bakin inji: hannun riga mai faɗi, gefen hijabi ko gyale, carbi, igiyar abin sauraro. A naɗe hannun riga, a soke mayafi. Safar hannu ta yadi ma haɗari ce kusa da abu mai juyi. Abin da ake yanka a danne shi a teburi da matsi, kada a riƙe shi a tafin hannu.

Sai ƙura. Inji yana mayar da abu gari mai tashi sama, alhali samfefar hannu tana barin mafi yawansa a teburi. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. MDF na ɗauke da gam mai sinadarin fomaldihaid. Rezin kuwa da ruwa ake goge shi don kada ƙurarsa ta tashi. Takunkumi irin N95 yana tare ƙura, amma ba ya tare tururin fenti da sinadarin tsinka shi, don haka feshi a waje ake yi ko a bakin taga. Robar PVC ba a yanka ta da zazzafar waya ko laser, domin idan ta ƙone tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu da ƙarfe. Gam mai kamawa nan take kuma idan ya zuba a auduga yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata.

Wa ya kamata ya sayi me?

Mai harhaɗa kayan roba irin na Tamiya ko Airfix ko Bandai zai iya shekara bai taɓa inji ba. Filayar yanka, wuƙa, hantsaki, samfefa kala uku, gam ɗin roba da abin huji na yatsu sun gama masa komai. Idan kuɗi ya samu, na'urar farko da za ta nuna bambanci a aikinsa ita ce alƙalamin feshi.

Ɗalibin zanen gine-gine ya fara da wuƙa iri biyu, bakuna da yawa, rular ƙarfe, sukwaya, tabarmar yanka da farin gam. Na'urarsa ta farko ita ce zazzafar waya. Bindigar gam mai zafi tana da sauri a daren ƙarshe, amma tana barin kauri da zare, don haka a ɓoye ta a inda ido ba ya kaiwa.

Mai ƙera motoci da jirage daga gwangwani da katako da waya shi ne wanda inji mai juyi zai fi yi wa amfani da wuri, musamman mai maɓallin rage gudu. Duk da haka almakashin ƙarfe da filaya da magagari su ne a gaba.

Mai yin samfuri don sayarwa lissafinsa daban ne, domin lokacinsa kuɗi ne. Ya duba aikin da ya fi cin masa sa'o'i a kowane kwantiragi, ya sayi na'urar da ke rage wannan aikin, ko ya ba masu laser.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya shafi kowa. Kada a sayi na'ura sai an gama samfuri biyu ko uku da hannu, ana rubuta duk inda aka maƙale. Idan matsala ɗaya ta dawo sau uku, kuma ta ƙarfi ce ko ta maimaici, lokacin inji ya yi, kuma mutum ya riga ya san wanda zai saya. Idan kuwa matsalar ta karkatar layi ce ko ramin da bai zauna daidai ba, inji zai ƙara mata sauri ne kawai. Maganinta sabon bakin wuƙa, rula mai kyau, da tarkacen kwalin da za a yi ta gwaji a kai har hannu ya faɗa.